Zuwa ga ɗana mai riƙe da littafin albasa: amsar tambayarka a kan tsarki

Ɗana,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida.

A taron matasan ikilisiya da aka yi a nan Tawa ka miƙe a gaban jama'a ka yi mini tambaya, lokaci kuma ya ƙure kafin in ba ka amsar da ta dace da nauyinta. Tun da a bainar jama'a ka yi ta, kuma na tabbata ba kai kaɗai take ci wa tuwo a ƙwarya ba, a bainar jama'a zan amsa, ba tare da ambaton sunanka ko na maigidanka ba. Ka ce kana aiki a wani wurin lodin albasa a yankin Galmi, kai ne mai riƙe da littafi, kana ƙirga buhuna, kana biyan manoma da 'yan dako. Ka ce akan umarce ka ka rubuta abin da bai kai adadin da aka karɓa ba, akan riƙe kuɗin 'yan dako kwana da kwanaki alhali kuɗin na nan, kuma akan damƙa maka na goro ka miƙa a hanya. Sai ka tambaya: shin wanda abincinsa ke irin wannan wuri zai iya zama da tsarki, ko kuwa tsarki na fastoci ne da tsofaffin da suka riga suka gama da kasuwa? In kuma dole ne, sai ka ajiye aikin?

Amsata ita ce tsarki ya hau kanka kamar yadda ya hau kan fasto, kuma wurin da ake nemansa gare ka shi ne bakin motar lodin nan, da alƙalami a hannunka. Game da ajiye aiki kuwa, ban ce ka ajiye yanzu ba, ban kuma yi maka alkawarin cewa ba za a kai ga haka ba.

Na san inda tunanin naka ya samo asali. Sau da yawa in an yi wa'azin tsarki, abin da matashi ke fita da shi jerin hani ne: kada ka sha giya, kada ka sha taba, kada a gan ka da 'yan mata, kada ka fasa sujada. Babu aibu a cikin waɗannan, sai dai mutum zai iya kiyaye su duka ya kuma kasance mai tauye mudu. Manzo Bitrus, da ya ce mu zama tsarkaka cikin dukan al'amuranmu domin wanda ya kira mu mai tsarki ne (1 Bitrus 1:15-16), daga Littafin Firistoci ya ɗauko maganar. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, amma wannan ɓangaren nasa ba a cika buɗe shi ba, don ana ganin zancen hadayu ne kawai. Ka buɗe sura ta 19 ka karanta ta daga farko har ƙarshe. A aya ta 2 an umarci Musa ya faɗa wa dukan taron jama'ar Isra'ila, ba firistoci kaɗai ba, su zama tsarkaka. Sannan ka duba abin da ya biyo baya: mai gona kada ya girbe har gefe, ya bar kala domin matalauci da baƙo, ladan ɗan ƙodago kada ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki har gari ya waye, kada a zagi kurma, kada a sa abin tuntuɓe a gaban makaho, kada a yi yawon tsegumi, a ƙarshe kuma, a aya ta 35 da ta 36, kada a yi zamba a awo ko a ma'auni. Biyu daga cikin abubuwa ukun da ka ambata suna cikin wannan sura da sunansu. Haka nan da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yahaya Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi, bai ce su bar aikinsu ba. Ya ce wa na farko kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade musu, na biyun kuma kada su yi ƙwace ko ƙazafi, su gamsu da albashinsu (Luka 3:12-14).

Ina so ka dubi wanda ke tsaye gabanka a lokacin da kake rubutu, domin jaraba takan yi ƙarfi ne in an mai da mutum lamba a littafi. Manomin nan ya ci bashin iri da taki da man injin ban ruwa tun farkon rani. Ya san sarai cewa in ya zuba albasarsa a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ya jira wasu watanni kuɗinta zai tashi, amma mai bashi ba ya jira, shi ya sa ya kawo ta a lokacin da kowa ke kawowa, kasuwa ta faɗi. An riga an cika masa buhu har an yi masa tozo, an ɗinke, ya yi shiru domin haka aka saba. Wataƙila bai iya karanta abin da ka rubuta ba, yana dai kallon fuskarka. In ya kawo buhu ashirin ka rubuta goma sha tara, buhun nan guda da ya ɓace kuɗin maganin ɗansa ne, ko hatsin da zai kai gidansa tsakiyar damina. Kai ka san wannan fiye da ni, kuma saninsa ne ya hana ka barci har ka miƙe a taro.

Abubuwa ukun da ka kawo ba nauyinsu ɗaya ba, kuma haɗa su wuri guda shi ke sa mutum ya ga kamar ba mafita. Rubutun ƙarya naka ne. Hannunka ne ke yi, kuma "an sa ni" ba ta wanke shi. A nan ba ni da sassaucin da zan ba ka. Riƙe kuɗin 'yan dako laifin mai kuɗin ne, amma kana da baki, kuma kana iya ƙin zama wanda zai ce musu "babu" alhali akwai. Na hanya kuwa sai an bambance. Akwai wanda aka tare da kaya masu ruɓewa cikin zafin rana, takardunsa cikakku, aka ƙi sakinsa sai ya ba da wani abu. A ganina wannan an zalunce shi ne, kuma alhakin ya fi nauyi a kan mai karɓa. Akwai kuma wanda ya miƙa kuɗi domin a kau da kai daga lodin da ya wuce ƙa'ida ko takardar da babu. Wannan cin hanci ne, kowane suna aka laƙaba masa. Na san cikin dattawa akwai waɗanda za su ce na yi sako-sako a kan na farkon, kuma ina girmama ra'ayinsu.

Yanzu ga yadda ake tsayawa. Yakubu ya ce sha'awar mutum ce ke jansa ta ruɗe shi, ta ɗauki ciki ta haifi zunubi, zunubi kuma in ya girma ya haifi mutuwa (Yakubu 1:14-15). Abin lura shi ne akwai tazara tsakanin ɗaukar ciki da haihuwa, kuma yawancinmu sai ranar haihuwa muke fara kokawa. In ka bari sai mota na tsaye, direba na matsa oda, maigida na kiranka a waya, manoma sun yi layi, sannan za ka yanke shawarar ko za ka rubuta gaskiya, to an riga an ci ka da yaƙi. Tun ran gini ran zane. Daniyel a Babila ya fara ƙudurawa a ransa cewa ba zai ƙazantar da kansa da abincin sarki ba, sa'an nan ya je wurin shugabansa da ladabi ya nemi izini, har ya roƙi a gwada su kwana goma a gani (Daniyel 1:8-14). Bai yi tawaye ba, bai kuma yi wa kowa wa'azi ba. Ka bi wannan sawu. Ka sami maigidanka a gida, a lokacin da ba lodi, ba kuma a gaban yaransa ba, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce masa: "Ranka ya daɗe, duk aikin da ka sa ni zan yi, dare ko rana, kuma ko dala ɗaya taka ba za ta ɓata a hannuna ba. Abu guda nake roƙo, abin da na ƙirga shi zan rubuta." In Musulmi ne, kada ka ɗauka maganar baƙuwa ce gare shi, domin a Alƙur'ani akwai sura sukutum, ta 83, da ta buɗe da gargaɗi ga masu tauye awo, kuma kasuwannin yankinmu na Adar cike suke da 'yan kasuwa Musulmi waɗanda tiyarsu ba ta da algus. Kada ka je masa da fuskar wanda ya fi shi tsoron Allah. Mai hankali cikin masu dukiya ya san cewa yaron da ya ƙi cutar manomi dominsa ba zai cuce shi shi ma ba.

Wataƙila ya yarda. Wataƙila ya mai da kai wani aikin da ba na littafi ba, ya rage maka kuɗi. Wataƙila kuma ya sallame ka. Ba zan ɓoye maka wannan ba, domin na ga abin da wa'azin "ka yi gaskiya, gobe za ka yi arziki" yake yi wa bangaskiyar matasa in goben ta zo ba arzikin. Yusufu ya ƙi matar maigidansa Fotifar, ladan da ya fara gani kurkuku ne. Alkawarin da muke da shi a 1 Korantiyawa 10:13 shi ne Allah ba zai bari a jarabce mu fiye da ƙarfinmu ba, kuma tare da jarabar zai buɗe mafita. Bai ce mafitar ba za ta ci mana komai ba. Tushen jarabarka ba kwaɗayi ba ne, tsoron yunwa ne, kuma Ubangijinmu ya san shi, domin bayan azumin kwana arba'in da zancen gurasa Iblis ya fara zuwa masa.

A nan maganar ta bar kanka ta dawo kan ikilisiya, kuma ina so 'yan'uwana dattawa da zumuntar mata su ji. Mu Kirista 'yan kaɗan ne a wannan ƙasa ta Nijar, kuma sunan da ake kiranmu da shi a Adar wasu ne suka gina shi da hannuwansu, irin waɗanda suka yi ta jinyar marasa lafiya a asibitin Galmi tun daga 1950 ba tare da tambayar addinin kowa ba. In muna son 'ya'yanmu su riƙe wannan suna a kasuwa, ba daidai ba ne mu ce wa yaro ya tsaya a kan gaskiya, ranar da aka kore shi kuma mu ce masa "Allah ya ba da haƙuri" mu watse. Mafitar da Bulus ya ambata a 1 Korantiyawa sau da yawa ta hannun 'yan'uwa take zuwa: buhun hatsi, kuɗin hayar wata biyu, ko wani mai shago da zai ce ya zo ya riƙe masa littafi.

Akwai abin da ba ka faɗa a taro ba, amma duk wanda ya san zaman cin rani, ko a Galmi ko a Abijan, ya san shi: dare, kaɗaici, kuɗi a aljihu, da waya a hannu. Ba zan tsawaita ba. Wannan ba jarabar da ake tsayawa muhawara da ita ba ce, gudu ake yi, kamar yadda Bulus ya gaya wa Timoti (2 Timoti 2:22). Ka nemi ɗan'uwa guda mai riƙon asiri wanda ka ba shi izinin yi maka tambaya kai tsaye kowane mako, kada kuma ka kwana kai kaɗai in akwai yadda za a yi.

Saura abin da ya riga ya wuce. In akwai buhunan da ka rage a baya, kada kunya ta hana ka sujada, kada kuma ka ce tun da an jiƙe sai a ƙarasa wanka. In mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne, zai gafarta mana ya kuma tsarkake mu (1 Yahaya 1:9). Tsarki ba da ƙarfinka za ka saye shi ba, aikin Ruhu Mai Tsarki ne cikin wanda Almasihu ya riga ya fansa. Amma tuban da ya shafi dukiyar mutane yana tafiya da maidawa. Zakka mai karɓar haraji ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Kai ba aljihunka kuɗin suka shiga ba, saboda haka ban ɗora maka ninki huɗu ba, ban kuma ce ka bi gari kana tona asirin maigidanka ba. Ka zauna ka rubuta sunayen manoman da ka tuna da abin da aka rage wa kowannensu, ka ajiye takardar a wurinka. In maganarku da maigida ta yi kyau, sai a nemi hanyar da za a cika musu a lodi mai zuwa; in ba ta yi ba, sai mu duba tare abin da za ka iya yi daga albashinka, ko da jaka ɗaya ce a wata.

Ka zo ka same ni kafin ka je wurin maigidanka, mu yi addu'a, mu kuma daidaita kalmomin da za ka faɗa. Batun taimakon waɗanda suka rasa aiki saboda irin wannan kuwa, zan gabatar da shi a zaman dattawa mai zuwa.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai.

Babanka cikin bangaskiya,
ɗaya daga dattawan ikilisiya, Tawa