Malamin da ya saurari yadda ake tayin romo

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan John Gumperz, masanin harshe na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, an haife shi a Jamus a 1922 ya rasu 2013. Shi bawan Allahn nan bai tsaya kan nahawu kawai ba, rikoda yake ɗauka ya je ya saurari yadda mutane ke hira da juna, tun daga wani ƙauye a arewacin Indiya har Ingila.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne bincikensa na kantin abinci a filin jirgin sama a Ingila, inda ake ta ƙorafi wai mata 'yan Indiya da Pakistan masu zuba abinci ba su da fara'a, ashe in za su yi tayin romo muryarsu sauka take a ƙarshen kalmar, su kuma Turawa sun saba a ɗaga ta kamar tambaya, sai suke jin kamar an ce "ga shi nan, ka ɗauka". Wallahi mata suna ta aikinsu da zuciya ɗaya ana musu kallon masu rashin kunya! Sai da aka kunna musu kaset ɗin kowa ya ji da kunnensa sannan aka gane.

Ina roƙon jaridarku ta riƙa kawo mana irin wannan bincike.

Naku,
Wani mai karatu