A auna ruwa kafin a ƙara banɗaki

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ɗan fili in yi magana da masu gidaje a zangonnin Kumasi, musamman Aboabo da Asawase da Sawaba, inda nake aikin famfo.

Yanzu ɗaki mai banɗaki a ciki ake yayi. Ɗa ya aiko da kuɗi daga Jamus ko Amurka, a ɗora bene a kan gidan gado, kowane ɗaki a sa masa shawa da masai na zamani. Abin a yaba ne, don ba mai son iyalinsa su riƙa bin layin bayan gidan haya da asuba. Abin da ke damuna, sai an gama liƙa tayil ake neman mu.

Kwanan baya wani dattijo ya kira ni. Banɗaki huɗu ya yi a sama, duka a kan tsohon bututu mai rabin inci da aka ja tun zamanin mahaifinsa don famfo ɗaya na tsakar gida. Na murɗa shawa, ruwa na ɗiga ɗis-ɗis ta rami uku ko huɗu, sauran a bushe. Ya ce mini, "Yaro, ai famfon ƙasa da ƙarfi yake zuwa." Na ce, "Gaskiya ne Baba, amma ƙarfi daban, yawa daban." Siririn bututu yakan feso ruwa da ƙarfi idan famfo ɗaya kawai aka buɗe, da an buɗe na biyu sai ya mutu. Ga kuma hawa: duk tsayin mita 10 yana cinye kusan "bar" ɗaya, wato ma'aunin da ke kan agogon auna ƙarfin ruwa. Ruwan da ya taso tun daga madatsar ruwa ta Barekese ko ta Owabi, ya ratso gari ana ɗiba, ba lallai ya iso da sauran ƙarfin hawa bene ba. Da idona na ga yadda ransa ya ɓaci lokacin da muka sa guduma a sabon tayil.

Gwajin kuwa ko sidi ɗaya ba ya ci. A samu bokiti mai lita 10, a tara a famfon da ya fi kusa da mitar ruwa, a duba agogo. Idan ya ɗauki minti guda kafin ya cika, to ruwan shawa ɗaya ke nan, da ƙyar. Sannan a buɗe famfo biyu tare a sake aunawa. Kada a yi gwajin da tsakar dare lokacin da unguwa ke barci. A yi shi bayan sallar asuba, 'yan makaranta na wanka, ko ranar Juma'a da hantsi. Ruwan wannan lokacin shi ne 'yan haya za su rayu da shi.

Idan bai isa ba, a sauya babban bututu zuwa inci ɗaya, a kafa tanki a ƙasa ya riƙa cika a hankali, inji ya tura zuwa Polytank, wato tankin roba, na sama. A tuna lita 1,000 nauyinta tan guda ne, saboda haka a tambayi magini ko rufin zai ɗauka.

Wanda nake roƙo don Allah a bari shi ne ɗaura inji kai tsaye a bututun da ya shigo daga titi. Ruwan maƙwabta yake zuƙewa. Mai bene yana wanka, tsohuwar da ke bayansa tana yawo da jarkar ruwa da ake kira galan ɗin Kufuor tana neman na alwala. Kuma bututanmu da yawa ta cikin kwata suka bi. Inda duk ya tsage, injin zai jawo ƙazanta ya kawo har cikin randa. An sha sa ni wannan aiki ina ƙi, kuma ina roƙon abokan sana'ata su ma su ƙi.

Na gode.

Wani mai aikin famfo,
Aboabo, Kumasi