Wasiƙa daga Mishigan: maganar Mustang ɗin nan

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya Hajiya da ciwon gwiwar nan, da fatan da sauƙi. Nasan yanzu haka kana can kana cewa ai wane Amurka ta cinye shi, toh kai ma ba gwanin kira bane, in ba barka da sallah ba sai dai in ga ka leƙa sitatus ɗina ka wuce ko uffan. Kafin in manta, maganin shafawar da na aiko wa Hajiya ta hannun ƙanin matata ya iso kuwa? Yaron nan baya ɗaukar waya, ni kuma bana son in tambaye ta da kaina ta ga kamar gori nake.

Abin da yasa na zauna rubutu ban yi saƙon murya ba, maganar da ke raina tana da tsawo, kuma nasan halinka, saƙo in ya ɗan yi tsawo sai ka ƙara masa gudu kana ji kana hira da mutanen shago. Motar nan fa ta tashi. Ford Mustang ɗin da na turo muku hotonta tana kan tirela, kai da Ogan garejinmu na Kaduna kuka ce wai na sayo kejin kaji da dala, toh ita. An gama fenti, an mayar da gilasai, na hau ta na shiga gari da ita, kuma wani ya taya ta da kuɗin da ya hana ni barci. Damuwar kenan, amma bari in faro maka daga tushe don kasan abin da ake cewa in rabu da shi.

Kasan tun kafin korona na saye ta, wajen wata tsohuwar baturiya a bayan garin Toledo, jihar Ohayo. Motar mijinta ce, da ya rasu sai ta tura ta cikin rumfar ajiye kaya ta rufe, shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ta. Ɓeraye sun yi gida a kujerar baya, tayoyi duk sun kwanta, in ka ɗaga kafet ta wajen direba kana hango ƙasa. Amma da na goge lambar bodin na karanta sai jikina yayi sanyi. Ta fara da 6F07C. 6 ɗin shekarar 1966 kenan, F ɗin na nufin a Dearborn aka haɗa ta, nan Dearborn ɗin da muke zuwa sayen naman halal duk ƙarshen mako, 07 mai rufin ƙarfe ce ba mai buɗaɗɗen sama ba, C ɗin kuma injin 289, silinda 8, lita 4.7. Kai ka tuna 504 ɗin Baba da muke gani kamar jirgi lita 2 ce kacal, silinda 4. Matar bata ja ciniki ba sam, abu ɗaya ta roƙe ni, tace dan Allah kar a kwance ta a sayar da kayanta ɗaiɗai. Nace mata in sha Allahu sai ta sake hawa titi.

Aikin bodi ne ya fi cin rai. Nan ƙasar in hunturu ya shigo gishiri suke watsawa a titi don ƙanƙara ta narke, gishirin nan shi ke cinye ƙarƙashin mota, shi yasa za ka ga mota sama kyakkyawa ƙasa kuma tsatsa ta gama da ita. Sannan Mustang na shekarun nan suna da wani ciwo nasu na gado: ragar iskar nan da ke tsakanin bonet da gilashin gaba, ganye da ƙasa suna taruwa a cikinta, ruwa ya kwanta, ƙarfen ya ruɓe daga ciki inda ido baya gani. Maƙwabcina ne ya nuna min, wani tsohon bature da yayi ritaya daga kamfanin Ford, ya ɗauko bokiti ya kwara ruwa a kan ragar yace leƙa ciki, ina leƙawa sai ga ruwa yana zuba shaa a daidai inda ƙafar direba take. Gyaran wajen sai an cire gilas, an cire fenda duka biyu, an bi ɗigon walda ɗaya bayan ɗaya ana hudawa da dirila kafin murfin ya ɗago. Wlh a wannan aikin na tuna falanbitocin Panteka, da guduma da gas kawai za su ƙera maka wajen nan daga falan-ƙarfe. Nan kuwa sauƙin da aka samu shi ne komai na motar ana ƙera sabo har yau, tun daga faifan ƙasa har ɗan dokin da ke jikin ragar gaba, oda kawai za ka yi a intanet a kawo maka ƙofar gida, don a 1966 kaɗai sun yi sama da 600,000, masu ita suna da yawa.

Af, ance Oga ya ƙara aure? A shekarun nan nasa? Kuma ance kai ne kan gaba wajen kai lefe, shi ne ko ka faɗa min. Allah ya sanya alheri, amma kace masa ina nan ina jiran goron ɗaurin aure na.

Maganar Oga ce ma ta tuna min. Duk sifanun da muka saba da su a gareji, 10, 13, 17, basu da amfani a jikin motar nan, komai nata da inci ake aunawa, rabin inci, 9/16, 5/8. Lamba 13 tana shiga kan noti mai rabin inci amma da ɗan lilo, in ka matsa sai ta cinye masa kai, tun ranar farko tsohon nan ya gargaɗe ni ya ara min akwatin kayan aikinsa gaba ɗaya. Ranar da muka zo saita kwanta, wato ƙarafunan nan biyu masu buɗewa da rufewa su ba filogi wuta, ina neman filagej na auna gibinsu, sai naga ya zaro kwalin ashana daga aljihu ya yage murfin ya zura a tsakani, yace kaurinsa daidai yake da gibin da ake so. Mutumina sai da na zauna a kan taya ina dariya har da hawaye, nace masa ogana a Kaduna haka yake yi sak, shi kuma ya kasa yarda wai a Afirka ma an san wannan dabara. Tun daga ranar kullum sai ya tambaye ni lafiyar Oga kamar sun taɓa haɗuwa.

Injin kam mun sauke shi gaba ɗaya. An yi boring, sabon fistin da ringi, sabon kamshaf, an kai top silinda an sa masa mazaunin bawul mai tauri saboda an ƙera shi ne lokacin fetur mai dalma, wanda aka hana sayarwa a nan tun 1996. Fetur ɗin yanzu kuma ana gauraya shi da etanol, yana cin tsohuwar roba, dole duk tiyon mai da kayan cikin kafireta muka canza. Birki ma ban bar shi yadda ya zo ba, na asalin tukunyar mai ɗaya gare shi, in tiyo ɗaya ya fashe ƙafa huɗun duk sun tafi, sai daga 1967 suka fara sa mai gida biyu. Masu son komai ya zauna yadda kamfani ya fito da shi suna ƙorafi a kan irin wannan canji, ni kam yarana zan ɗauka a ciki, na sa mai gida biyu na kuma sa disk a gaba, duk mai ƙorafi yayi ta yi.

Ranar da za mu tayar da shi karon farko bazan manta ba. Sabon kamshaf irin na da baya son a bar shi a silo, da ya kama dole ka riƙe totur injin yana juyi wajen 2,000 zuwa 2,500 a minti har na kusan minti 20 ba sassautawa, da baƙin mai na musamman mai sinadarin zinc, in ba haka ba ya cinye kansa tun a ranar. Tsohon yana tsaye da tiyon ruwa kusa da lagireto, babban ɗana yana riƙe da abin kashe gobara hannunsa na rawa, ni ina ciki nayi bismillah na murza makulli. Ya juya, ya juya, yayi tari ta kafireta, sai kawai ya kama. Ƙarar nan mutumina, ba salansa a lokacin, gilashin tagar kicin har rawa yake, hayaƙin sabon fenti na tashi daga jikin injin, maman yara ta fito da ludayi a hannu tana salati ta zata wani abu ne ya fashe. Da muka kashe shi ba wanda ya iya magana, tsohon ya cire hula ya share fuska, ni kuma na shiga ɗaki nayi sujada.

Fenti kuwa wanda ya riƙe ta a baya ja ya shafa mata, amma farantin da ke jikin ƙofa harafin M ne a wajen launi, wato fari, wanda suke kira Wimbledon White, sai na mayar da ita kalarta. Na kai yara gidan tarihin Henry Ford da ke Dearborn, Mustang mai lamba ta farko tana can a ajiye, ita ma wannan farin ce. Wani matuƙin jirgi ɗan Kanada ne ya saye ta a 1964, daga baya kamfanin suka lallashe shi ya dawo da ita suka bashi ta cikon miliyan ɗaya a 1966. Autata tana ganinta tace Abba ga motarmu.

Toh a watan Agusta ne abin ya faru. Akwai wani taro da suke yi duk Asabar ta uku ta watan a kan titin Woodward, daga Ferndale har Pontiac, tun 1995 ake yinsa, tsofaffin motoci ne ke ta kai da kawowa tun safe har dare, mutane sun jera kujeru a bakin titi suna kallo suna tafi. Shekarun baya a tsaye nake kallo, bana da ni aka yi, da hulata zanna bukar a kai, yara a baya. Mun tsaya shan mai sai wani mutum ya zo ya zagaya ta, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya karanta lambar bodi, ya tambayi wanda yayi waldar nace ni ne. Ya bani katinsa. Bayan kwana biyu ya kira ya faɗi kuɗi. Bazan rubuta adadin a nan ba, nasan wayarka a hannun yara take yini, sai mun yi magana baki da baki, amma dai ka sani zai rufa ginin gidana na Mando a Kaduna har a sa ƙofofi da tagogi, wataƙila ma har filasta.

Kai kafi kowa sanin halin da ginin nan yake ciki, tun da aka kai linta ya tsaya, damina sai dukan bulon take, siminti kuma kullum ƙara kuɗi yake. Maman yara tace in sayar, kuma wlh tana da gaskiya, motar da daga Nuwamba zuwa Afrilu a rufe take cikin gareji saboda gishiri, ba AC, ga shan mai. Hajiyarmu ma duk wayar da muka yi sai tace yaushe za a gama gidan nan in ga ɗakin jikokina. Mutumin kuma yace ajiye ta zai yi ba kwancewa ba, kaga alkawarin da na yi wa tsohuwar nan bai karye ba.

Amma abin da ban faɗa wa kowa ba sai kai, maganar ɗana ce. Kasan yadda yake, a gida in ka yi masa Hausa da Turanci yake amsawa, har abin ya fara damuna sosai. A garejin nan ne bakinsa ya buɗe. Ni dai in ina ƙarƙashin mota Turanci baya zuwa min, sai dai miƙo sifana, riƙe tocilan da kyau, taka birki, saki, sake takawa, a haka a haka har ya fara mayar min, yanzu har tsokanata yake da Hausa, ranar nan yace min Abba wannan notin ya ƙi ji sai an bashi wuta. Shi ya goge rabin bodin nan da samfefa har yatsunsa suka yi kanta. Ya kusa isa koyon tuƙi, kuma ya riga ya sa a ransa da ita zai koya. Da ya ji muna maganar sayarwa da mamansa bai ce komai ba, ya tashi ya tafi gareji ya zauna a cikinta. Na kasa bin sa in yi masa bayani.

Nayi istihara, har yanzu zuciyata bata tsaya waje ɗaya ba. Mutumin ya bani zuwa ƙarshen wata.

Ga abin da nake so ka yi min dan Allah. Ka ɗauki kafintan nan da yayi maka rufin shago, ba wancan na farkon ba, kuje Mando ya auna ya faɗi gaskiyar abin da katako da kwano da kuɗin aiki za su ci, rufi kawai banda sauran. In abin da zan iya tarawa ne da obataya zuwa bazara, toh a rufa ginin a bar ƙofofi sai gaba, motar ta zauna. In kuma ya fi ƙarfina ka faɗa min kai tsaye kar ka ɓoye min don kar raina ya ɓaci, nasan halinka na lallashi. Ka ɗauko min hoton bangon baya ma, ance ya fara tsagewa ta wajen taga.

Ance ƙaninka ya samu aikin nan da yake nema, Allah ya sa albarka, kace masa ya fara tara kuɗin aure tun yanzu kar ya biyo sahunka sai da furfura. Ka gaida Hajiya da kyau, ka gaida uwargida da yara, da duk 'yan majalisar bakin shago. Ka nuna wa Oga bidiyon da zan turo maka anjima, ka ƙure masa ƙara ya ji yadda take silo, ina so in ji ko zai ce tayimin ɗin ya zauna.

Naka,
mutuminka na Mishigan