Ƙwaƙwalwar kilobayit 2 ba ta ɗaukar kayan ado

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon fili in tofa albarkacin bakina kan wata tsohuwar gardama ta masu rubuta manhaja, wato tsakanin harsunan rubuta manhaja na C da C++ wanne ya fi dacewa da ƙananan na'urori, wadda ta biyo ni har shagona a unguwar Zongo, nan Damagaram.

Sana'ata haɗa ƴan na'urorin da ke kunna famfon rijiya mai aiki da hasken rana, su kashe shi in tanki ya cika. Duk wanda ya san wahalar ruwa a garin nan ya san ba aikin wasa ba ne. Da allon Arduino Uno nake aiki, wata ƴar ƙaramar kwamfuta ta sarrafa na'urori. Ƙwayar da ke kansa, ATmega328P, tana da ma'ajiyar manhaja ta kilobayit 32, ƙwaƙwalwar aiki kuwa kilobayit 2 kacal, wato bayit 2048. Ko wasiƙar nan tawa ba za ta shiga ciki ba.

Bara ɗan ƙanwata, wanda ke taya ni aiki lokacin hutu, ya duba manhajata ya ce, "Kawu, wannan ai rubutun da ne." Ya sake ta bisa tsarin aji da abu na C++, inda ake ba kowane sashe na na'ura rukuninsa na bayanai da ayyuka, wanda ake kira aji: ma'aunin ruwa aji, famfo aji, har ƴar fitilar gargaɗi sai da ta samu ajinta, duk suna gado daga uwa ɗaya. Gaskiya ta yi daɗin karatu. Muka kafa ta a wani lambu a Miriya. Ba a yi mako ba mai lambu ya kira ni da tsakar rana, na'ura ta sandare, tanki na ta ambaliya.

Da muka zauna bin diddigi, ga abin da muka tarar. Duk aikin da aka sa wa alamar virtual, wadda ke ba kowane aji damar yin aikin da ya gada ta hanyarsa, sai an gina wa ajinsa jadawalin adireshi, kuma kowane abu na wannan aji yana yawo da manunin jadawalin, bayit 2 a irin wannan ƙwaya. Bayit 2 ba komai ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne, a ƙwayoyin AVR, dangin ƙwayar tamu, jadawalin kansa ana kwafo shi cikin ƙwaƙwalwar aikin nan ƴar mitsitsiya, ya zauna daram tun daga kunnawa. Sai kuma template, wanda yake kamar mazubin bulo: kowane irin bayani ka ba shi, sai ya fitar da sabon kwafin aikin sukutum. Amma babban ɓarawon shi ne ajin String, mai riƙe rubutu, da yaron ya yi ta haɗa saƙonni da shi. Yana aron wuri yana mayarwa, har ƙwaƙwalwa ta zama kamar rumfar kasuwa da aka yayyanka, ga fili nan birjik amma babu inda buhu guda zai zauna.

Na so in ɗora wa harshen laifi duka, don ni ɗan C ne, harshen da Dennis Ritchie ya ƙirƙiro wajen 1972. Ina ma da babban mai goya mini baya, tunda Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro babbar manhajar Linux, ya daɗe da ƙin shigar da C++ cikin zuciyarta, ko da yake an buɗe wa wani harshe mai suna Rust ƙofa a 2022. Sai dai adalci ya hana ni. Bjarne Stroustrup, wanda ya fara aikin C++ a 1979, ƙa'idarsa ita ce abin da ba ka yi amfani da shi ba, ba za ka biya kuɗinsa ba. Kuma haka muka gani. Aji marar virtual bai ƙara mana nauyin a zo a gani ba a kan yadda nake rubutawa da C. Kamfanin Apple ma da C++ yake rubuta manhajojin sarrafa na'ura na I/O Kit, amma wanda aka rage wa kaya, babu tsarin jefa kuskure a cafke, wato hanyar C++ ta kula da kurakurai. Arduino shi ma a kashe yake barin wannan tsarin.

Saboda haka ba mu watsar da aikin yaron ba. Mun bar masa azuzuwansa, muka cire virtual inda ba a bukata, muka kori String, muka mayar da rubutattun saƙonni ma'ajiyar manhaja da umarnin F(), don kada su cinye ƙwaƙwalwar aiki. Ni ma, in faɗi gaskiya, yanzu na fi gane tasa da tawa ta da.

Kirana ga malaman da ke koyar da yaranmu, a Jami'ar André Salifou da makarantun sana'a: duk sa'ad da aka harhaɗa manhaja, wato aka juya ta zuwa harshen da ƙwayar ke ganewa, Arduino yana rubuta layi biyu a ƙasan allo, bayit nawa aka ci a ma'ajiya, nawa a ƙwaƙwalwar aiki. Ɗan ƙanwata ya ce shi bai taɓa kula da su ba. Don Allah a riƙa sa ɗalibi ya ƙara virtual ɗaya, ya sake harhaɗawa, ya rubuta bambancin a littafinsa da hannunsa, kafin a sake shi ya je ya taɓa famfon mutane.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naku,
Mai haɗa kayan lantarki,
Zongo, Damagaram