Albashinmu Biyu, Amma Birnin Da Muke Yi Wa Aiki Ya Fi Ƙarfinmu

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki. Ya iyali? Allah ya saka miki da alheri kan yadda kike sauraron damuwar jama'a ba gajiyawa. Na daɗe ina karanta wannan fili, yau ga ni da tawa. Don Allah a sakaya sunana.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani babban asibiti, maigidana kuma malamin sakandare ne, 'ya'yanmu uku. Muna zaman haya a ɗaya daga cikin manyan biranen nan da kowa ke rububin shiga neman aiki. Duk wanda ya ji mu biyu muna ɗaukar albashi sai ya ce ai mun haye. Alhamdulillahi, asirinmu a rufe yake, ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Amma haya kaɗai tana lashe kusan rabin abin da muke samu, kuma duk sanda za a sabunta yarjejeniya sai mai gida ya ƙara. Albashi kuwa tafiyar hawainiya yake yi. Wannan magana ce ta fara shiga tsakanina da maigidana, shi ya sa na rubuto miki.

Gidan da muke ciki ɗaki biyu ne da falo. Babbar 'yarmu ta fara zama budurwa, ɗaki ɗaya take kwana da ƙannenta maza biyu. Na ɗaura igiya na rataya labule a tsakiyar ɗakin, kuma ina kallonta tana kwasar kayanta ta shiga banɗaki duk lokacin da za ta sauya tufafi. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, wannan shirun nata ma ya fi damuna. Mun nemi mai ɗaki uku a unguwar da muke. Dillalin ya kai mu wani bene, muka hau har sama, ɗaki na ukun da ake magana tagarsa bango take kallo, da rana tsaka sai an kunna fitila. Ya faɗi kuɗin, maigidana ya ce a duba mana. Dillalin ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba, ya ce, “Yallaɓai, in bai yi muku ba akwai masu jira.” Kuma gaskiya ya faɗa, muna saukowa muka yi kiciɓis da wasu ma'auratan a kan matakala.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba mu da gurbi a ko'ina. Mun nemi shiga tsarin gidajen da hukuma ke tallafawa, aka ce abin da muke samu ya haura ƙa'ida, mu ba mabuƙata ba ne. Muka je banki neman lamunin sayen gida a cikin gari, aka lissafa aka ce samunmu bai kai ba. Kafin alƙalamin da ake nema muna tara shi tun ba a haifi autanmu ba, amma duk sanda muka kusa, sai mu tarar farashin gidaje ya ƙara gaba, kason da ake so mu ajiye shi ma ya ƙaru tare da shi. Ba ɓarnar kuɗi muke yi ba, Anti. Ni ce mai riƙe da littafin cefane, na san inda kowane abu yake tafiya.

Maigidana mutum ne mai son lissafi, shi ya fara nuna mini cewa abin bai tsaya a kanmu ba. Akwai ma'aunin da ake yawan ambata, cewa kada muhalli ya ci fiye da kashi 30 cikin 100 na kuɗin shigar iyali. Daga Amurka aka samo shi: a 1969 doka ta ƙayyade hayar gidajen gwamnati a kan kashi 25 na samun mai haya, a 1981 aka ɗaga zuwa 30. Mu mun daɗe da wuce nan. Ya kuma nuna mini rahoton Demographia da ake fitarwa duk shekara, inda ake raba farashin matsakaicin gida da abin da matsakaicin iyali ke samu a shekara. Idan amsar ba ta wuce 3 ba, gida yana sayuwa. A Sidni ta Ostiraliya ta haura 10, a Hong Kong kuwa ta taɓa wuce 20. Wato iyali su ajiye dukan samunsu na shekara ashirin, ba ci ba sha, kafin su mallaki gida na tsaka-tsaki. Da na ji haka sai na ɗan samu sauƙi a raina, domin kafin nan ina ganin kamar mu ne muka kasa. Sai dai sanin cewa ciwon na kowa ne bai ƙara mana ɗaki ba.

To ga inda muka rabu. Maigidana ya samo wani rukunin sababbin gidaje can bayan gari, nesa ƙwarai, inda farashin ya sauko har banki ya yarda zai ba mu lamuni. Ɗaki uku ne, har da ɗan fili a baya. Tun da ya gani ya kasa sukuni. Hujjarsa ita ce kuɗin haya ba ya dawowa, shekara da shekaru muna gina wa wani arziki, kuma ranar da muka yi ritaya albashi zai tsaya amma haya ba za ta tsaya ba. Yakan ce, “Idan na faɗi na mutu yau, ina za ki kai yaran nan?” Wallahi ba ni da amsar wannan tambayar, kuma na san ba son kai ne ya sa yake yin ta ba. Yana da wani ɗan littafi da ya ja wa layuka, kullum bayan isha'i sai ya buɗe shi yana sake lissafi, ko Allah zai sa alƙaluman su sauya.

Ni kuwa nisan nake tsoro. Aikina na karɓa-karɓa ne, akwai kwanan asibiti, akwai fitar asuba. Daga wancan wuri zuwa wurin aikina, a lokacin cunkoso, tafiyar ta kusa awa biyu, dawowa ma haka. Ina da abokiyar aiki da ta yi irin wannan ƙaura. Idan ta tashi daga aikin dare ba ta iya kama hanya, sai ta shimfiɗa zane a ɗakin da muke sauya kaya ta yi barci, 'ya'yanta kuma sai ta waya take jin ko sun ci abinci. Tana da gida nata na kanta, amma rabin mako ba ta kwana a cikinsa. Na ce wa maigidana arhar gidan nesa a hanya ake biyan cikonta: kuɗin mai ko na mota, wataƙila ma sai mun sayi mota ta biyu, ga lokacin da ba wanda zai dawo mana da shi. Shi da kansa ya yarda cewa akwai masu bincike a Amurka da suka ce a riƙa haɗa kuɗin muhalli da na sufuri wuri guda, kada su wuce kashi 45 na samu. Da muka haɗa namu a kan sabon gidan, sai ya haura abin da muke kashewa yanzu. Ya yi shiru, sannan ya ce amma ai a ƙarshe gidan namu ne.

Sai maganar lamunin kansa. Ni da shi duk ba mu da natsuwa da kuɗin ruwa ta fuskar addini, wannan ɗaya ke nan. Ta fuskar lissafi ma abin ya ba ni tsoro. Bashin shekara 30 a kan ruwa kashi 3, a ƙarshe mutum zai biya kamar ninki ɗaya da rabi na abin da ya ranta. A kan kashi 7 kuwa sai ya kusa ninki biyu da rabi, biyan wata-wata ya ƙaru da fiye da rabi, kuma a farkon shekarun kusan kashi 88 na abin da yake biya duk ruwa ne, uwar kuɗin da ƙyar take motsi. Wannan ba tatsuniya ba ce, a Amurka ruwan irin wannan lamuni yana wajen kashi 3 a 2021, a 2023 ya haura 7. Ruwan lamunin da aka yi mana tayi kuma ba tsayayye ba ne, yana iya hawa. Kowa ya san abin da ya faru a 2008, lokacin da miliyoyin iyalai a Amurka suka rasa gidajensu bayan biyan ya fi ƙarfinsu, darajar gidajen kuma ta faɗi ƙasa da bashin da ke kansu. Mun tambayi tsarin bankin Musulunci, wanda ake mallakar gidan tare da banki, kana biyan haya a kan kasonsa kana kuma sayen kason kaɗan-kaɗan har ya zama naka. Zuciyata ta fi kwanciya da shi, amma abin da za a riƙa cirewa duk wata bai yi ƙasa da na ɗayan ba. Ko ta wace hanya, idan ɗayanmu ya kwanta ciwo na 'yan watanni, ba mu da abin tare gaba.

Akwai hanya ta uku, mu bar birnin gaba ɗaya mu koma ƙaramin gari inda gida ke da sauƙi. Malami da ma'aikaciyar jinya ba sa rasa aiki. Amma sashen da na ƙware a kansa sai manyan asibitoci, mahaifiyata da nake kula da ita a nan likitocinta suke, 'yarmu kuma jarrabawa na gabanta. Ba mu daɗe a kan wannan ba muka ajiye ta.

Ki yi haƙuri in faɗi abin da ke raina, ko da ba shi ne tambayata ba. Birnin nan ba zai kai kwana ɗaya ba in babu irinmu. Mu ke karɓar haihuwa, mu ke koyar da 'ya'yan masu benayen, direbobi da 'yan kwana-kwana da ƙananan ma'aikatan ofis duk irinmu ne, amma an tura mu gefe ana so mu riƙa zuwa da asuba muna komawa da dare. Ayyuka sun taru a wuri ɗaya, mutane na ta kwararowa, gidajen da ake ginawa ba su kai yawan masu nema ba, waɗanda ake ginawar ma yawanci na masu hannu da shuni ne, wasu a rufe suke an saye su don ajiyar dukiya. Kuma ba dole ne abin ya kasance haka ba. Singafo ƙasa ce mai tsada da ƙarancin fili, amma tun 1960 ta kafa hukumar gina gidaje, yau kusan mutum 8 cikin 10 a gidajen hukumar suke zaune, akasarinsu kuma sun mallake su. A Biyana, babban birnin Ostiriya, hukumar birnin tana da gidajen haya kimanin 220,000, kuma an ɗaga iyakar samun da ake shiga da shi yadda malami da ma'aikaciyar jinya ba za a kore su don suna da albashi ba. A can mutum yana iya tsufa a gidan haya hankalinsa kwance. Na san ƙayyade haya da doka kaɗai ba ya gina ko ɗaki ɗaya, a Balin ta Jamus an gwada a 2020, kotun tsarin mulki ta soke dokar a 2021. Gini ake buƙata, da yawa, kusa da inda ayyuka suke. Amma wannan aikin hukuma ne, mu kuwa yarjejeniyar hayarmu ta kusa ƙarewa, kamfanin gidajen kuma yana ta kiran maigidana wai saura kaɗan.

Yanzu maganar ta kai idan na kawo uzurina sai ya ga kamar ban yarda da shi ba ne, ko na raina ƙoƙarinsa. 'Yan'uwansa ma sun sa baki, suna cewa wace irin mace ce miji zai saya mata gida ta ce ba ta so. Ni kuma idan ya matsa sai in ga kamar bai damu da wahalar da zan sha a hanya ba, alhali na san ya damu. Ba mu saba kwana da fushi ba, amma kwanakin nan kowa juya baya yake yi.

Anti, ki ba ni shawara tsakani da Allah. Shin gazawa ce mutum ya ci gaba da zaman haya kusa da aikinsa, yana ajiye ɗan abin da ya samu a wata hanyar, ko kuwa tsoro ne ya rufe mini ido har nake neman hana iyalina mallakar muhalli? Na yi tunanin in ce masa mu kama haya a can bayan garin na shekara guda mu ɗanɗana zaman kafin mu sa hannu a bashin shekara talatin, ko mu sayi gidan mu zuba 'yan haya mu ci gaba da zama a nan, sai dai ina tsoron ya ɗauka dabara ce ta kashe maganar. Ta yaya zan gabatar masa da wannan ba tare da ya ji na taɓa masa martaba ba? Kuma ya dace mu sa wani babba a tsakani, ko mu nemi masanin harkar kuɗi wanda ba shi da riba a cinikin ya duba mana lissafin? Idan akwai masu karatu da suka taɓa tsayawa a inda muke, musamman mata masu aikin dare, ina roƙon su faɗa mini abin da suka zaɓa da yadda ta kaya.

Na gode, Allah ya ƙara lafiya da basira.

Taki,
Wata ma'aikaciyar jinya