Zafin da Muke Zubarwa a Damagaram

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da malaman jami'armu da kuma masu riƙe da kuɗin bincike.

Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a nan Damagaram. Lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya a watan Agustan 2023, maƙwabcina mai walda ya koma kan gurub, wato injin ba da wuta, daga safe har magariba. Wata rana na tsaya gaishe shi, hucin injin yana dukan ƙafata, ruwan lagireto kuma ya kusa tafasa. Man da ya saya da tsada, kusan kashi biyu cikin uku zafi yake zama ya bi iska. Abin ya tsaya mini a rai tun daga ranar.

Samun lantarki daga zafi tsohon ilimi ne. Tun 1821 Bajamushe Thomas Seebeck ya gano cewa idan aka haɗa ƙarfe iri biyu, gefe ɗaya ya yi zafi ɗaya ya yi sanyi, wuta tana samuwa. Sai dai mafi kyawun irin waɗannan kayan, wanda ake yi da sinadaran bismut da teluriyam, abin da yake bayarwa bai wuce milibolt 0.2 ba a kan kowane digiri na bambancin zafi (milibolt dubu ne bolt ɗaya), ga tsada, ga shi teluriyam ɗin ba ya da yawa a duniya.

Abin da ya ja hankalina shi ne sabuwar hanyar da ke aiki da gishiri. Idan gishiri ya narke, yana rabuwa zuwa ƙwayoyi masu caji, wato ayon. A ɗumama gefe ɗaya, sai su yi ta gudu zuwa gefen sanyi, wani iri ya riga wani isa, cajin ya taru a can. A 2020 masu bincike a Shenzhen ta ƙasar Sin, tare da abokan aikinsu na jami'ar MIT a Amurka, sun zuba gishirin potasiyam da wasu sinadarai cikin jelatin, suka samu milibolt 17 a kowane digiri, wato kusan ninki 85 na abin da na bismut ɗin ke bayarwa. Da suka jera guda 25 a jikin mutum, ɗumin fata kaɗai ya ba su sama da bolt 2. Jelatin kuwa, ya Edita, daga fata da ƙashi ake dafo shi. Duk wanda ya ga romon ganda ya daskare a kwano da sanyin safiya ya san shi. Garin da ya shahara da majema da dukanci tun zamanin Sarki Tanimun bai kamata ya ji wannan labari ya wuce ba.

Dole in faɗi gaskiya, kada wani ya ce malam ya yi alkawarin firiji. Ƙarfin da waccan na'ura ta bayar mikrowat 5 ne, sai an tara miliyan irinta kafin a kunna ƙwan fitila mai wat 5. Ayon ba sa iya bin waya, taruwa suke yi a bakin ƙarfen, don haka a yawancin irin waɗannan kayan sai an sauke cajin, an bar su sun huce, sannan a sake. Amfanin da ake hange musu yana ga ƙananan na'urorin awo, kamar mai lura da zafin rumbun hatsi, inda canza batir yake da wahala.

Babbar matsalarsu kuma ita ce bushewa: ruwan cikin ya ƙafe, aikin ya tsaya. To ina ya fi dacewa a gwada wannan in ba nan ba, inda hunturu ke tsage leɓe, bazara kuma ta haura digiri 40 a inuwa? Kwanon rufinmu da rana ba ya taɓuwa, da asuba ya yi sanyi, kullum ba fashi, kuma irin wannan sauyin kayan suke so.

Roƙona ga Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram shi ne ta ba ɗalibi ko da biyu wannan aiki: jelatin daga fatunmu, gishirin Bilma da kanwa, a gwada a kan rufin kwano da jikin gurub. Ni da ɗalibaina a shirye muke mu riƙa auna zafin rufin ajinmu safe da azahar, mu rubuta a littafi, mu miƙa wa duk wanda ya fara.

Na gode.

Wani malamin kimiyya,
Unguwar Birni, Damagaram