Zuwa ga Abba, kan maganar ruwan Tiga

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya. Mu nan Gwale sai godiya.

Hotunan yankan jijiyar ƙumbar ruwa da ka turo sun iso. Na sa tabarau na daɗe ina kallo. Duk shekarun da na yi ina leƙen madubin ganin ƙananan halittu a ɗakin gwaji, ban taɓa zaton ƙumbar ruwa, wadda Hajiya ke kankare tukunya da ɓawonta, tana ɗauke da abin kallo haka ba. Halitta ba ƙwaƙwalwa, sai ƙullin jijiya biyu-biyu a wuri 3: kusa da baki, cikin ƙafa, da can baya ƙarƙashin naman da ke rufe ɓawon. Na ga yadda ƙwayoyin jijiyar suka yi layi a gefen ƙullin, zaruruwanta kuma suka cukurkuɗe a tsakiya. Ikon Allah! Sai dai yankanka na biyu ya yi kauri. Ka sauko da kaurinsa zuwa maikiron 5 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ka sauya wuƙa, kuma da ka ciro naman ka tsoma shi cikin fomalin, ruwan maganin da ke hana nama lalacewa, don jijiya ba ta jira.

To, ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. An ce mini da kanka kake shiga ruwan Tiga, ka naɗe wando kana laluben laka. Abba, da hankalinka? Ko tsargiya kaɗai ta isa, katantanwar da ke yaɗa ta ai a bakin ruwan take, ni kuwa na ga ƙwan tsutsar tsargiyar a fitsarin yara har na gaji. Amma tsargiya tana da magani. Laka in ta riƙe ƙafa fa? Ga ka ba iyo ka iya ba. Na san za ka ce ni na hana ka koya, kana ji kana gani sa'anninka suna tafiya kududdufi. Na hana, kuma ko yau aka dawo da lokacin zan hana. Ka san abin da ya sami Baffanka. A 2021 da kwalekwale ya kife a dam ɗin Watari can Bagwai da ɗaliban Islamiyya, kwana na yi ban runtsa ba, alhali ba ɗana ko ɗaya a ciki. Yanzu kai ne za ka kai kanka, don ƙumba? Ba da yawuna ba.

Masuntan wurin sun san inda take kwanciya. Ka biya su su ciro maka, ka tsaya a tudu da bokitinka. Kuɗin ni zan bayar, kada ka ji nauyin faɗa mini.

Ummanka ba ta ji ba tukuna, na kuma roƙi wanda ya gaya mini ya yi shiru. Ta ba direba dambun nama ya kawo maka. In ka yi rinin azurfan nan da ka ce, ka turo in ga yadda zaruruwan za su fito. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka